Ranar da Sabuwar Motar Yaya Ta Yi Rarrafe Zuwa Doguwa

Mun tashi daga Kano da asuba, ana sallame sallah muka kama hanya, ko ruwan shayi ba mu tsaya ɗorawa ba. Mu uku ne a motar: ni, da babban yayanmu da ke tuƙi, da mahaifiyarmu, wadda duk gidan muke kira Inna. Da yammacin ranar da ta gabata aka bugo waya daga ƙauyensu Inna, can gaba da Doguwa, aka ce jikin yayanta, wato Kawunmu, ya yi tsanani, kuma tun da ya kwanta ba ya ambaton kowa sai ita. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Don haka abin da ya fito da mu guda ɗaya ne: mu kai Inna ta same shi yana iya magana, su gana, su yafi juna.

Bari in fara ba ku labarin motar, don ita ce ta mayar da tafiyar hantsi ta zama ta wuni. Yaya ya yi ritaya bara, ya tattara abin da aka ba shi ya sayi mota sabuwa dal, ba ta hannu ba, irin atomatik ɗin nan mai canza giya da kanta, wadda ko makulli ba a murɗa mata, maɓalli kawai ake dannawa. Har ranar da muka tashi ledar kujerun tana nan bai cire ba, duk wanda ya motsa sai ka ji ƙaras-ƙaras. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana fama da kuloci da giyar hannu, yanzu ƙafarsa ta hagu ta rasa aikin yi, sai lalube take yi a ƙasa. Na tsokane shi na ce ya bar ta a gida mana tunda ba a bukatarta, ya ce in na ƙara magana zan biyo su a motar haya. Ya kuma yi mana alkawari, yana shafa sitiyari, cewa kafin rana ta yi zafi muna Doguwa.

Inna tana baya da carbinta da ƙullin tsarabarta: sabulu, da turare, da dabino, da 'yar zuma da ta ce Kawu yana so a kunu. Yaya ɗan farinta ne, ita kuma irin mutanen da ce masu alkunya, ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin. Ni ne ɗan aike a tsakaninsu. In sanyin motar ya dame ta sai ta ce da ni, "Gaya wa direbanku sanyin nan ya yi yawa," alhali kunnensa ya fi nawa kusa da ita.

Hanyar Zariya da sassafe daɗi gare ta. Ƙarshen damina ne, shinkafa a fadamun Kura ta sunkuyar da kai, dawa ta fi mutum tsawo, raɓa ba ta gama bushewa ba. Motar kuwa sai sulalawa take kamar ba ta taɓa ƙasa, har na fara jin kunyar tsokanar da na yi.

Muna shiga ƙasar Bebeji, wajen kwanar da ake ratsewa zuwa Tiga, muka tarar da wata a-kori-kura da aka labta wa buhunan masara tana tafiyar wahainiya. Yaya ya fito zai wuce ta, ya taka totur. Motar ta yi shiru, kamar ba da ita ake ba. Sai da ya ƙara nutsa ƙafa, sannan ta zabura gaba ɗaya kamar jakin da aka tsikara, har ƙeyata ta bugi kujera. Na dube shi. Ya ce haka sababbin suke, sai sun yi tunani kafin su tafi. Na ce to Allah ya sa tunanin alheri take yi. Muka yi dariya muka wuce, kuma wannan dariyar ce har yau take damuna, don a nan ya kamata mu tsaya mu yi tambaya.

A Kwanar Dangora abin ya daina zama abin dariya. Duk wanda ya san wurin ya san sai ka tsallaka hannun masu zuwa daga Zariya kafin ka hau hanyar Tudun Wada. Yaya ya duba, ya ga tirela tana can nesa, ya taka. Motar ta shiga tsakiyar titi ta tsaya tana tunaninta. Tirelar ta danna ham ba ɗagawa, na ji Inna ta ɗauki salati. Sai a lokacin motar ta tuna an aike ta, ta yi tsalle ta haye, saura ƙiris ta kwashi bencin wani mai shayi da mutanen da ke kai. Yaya ya take birki da ƙafa biyu. Ashe dai ta hagun tana da ranarta.

Da muka dawo hayyacinmu sai muka ga wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, da rubutun Turanci cewa an rage ƙarfin inji. Daga nan ko Yaya ya taka totur har ƙasa, motar ba ta wuce gudun achaɓan da ya ɗauko mutum uku da buhu.

Nan da nan majiya ƙarfi suka kewaye mu, kowa yana naɗe hannun riga, wai a tura ta ta tashi. Mutanenmu ke nan, in dai mota ta tsaya to turi ne maganinta. Da Yaya ya yi musu bayani cewa ba mutuwa ta yi ba, kuma irin wannan ba a tayar da ita da turi, sai suka tsaya suna kallonta da tausayi. Wani dattijo ya ce bai taɓa ganin motar da ta fi ƙarfin taimako ba sai yau. Aka kira mana wani bakanike da ke gefen tasha. Ya buɗe gaban motar, ya tarar da baƙar roba ta rufe komai, ya leƙa nan ya leƙa can, sannan ya goge hannu ya faɗi gaskiyarsa.

"Wallahi Alhaji, ni dai ban ga wayar totur a nan ba. Waɗannan na zamani, ƙafarka ba ta taɓa inji. Saƙo kake aika wa ƙwaƙwalwar motar, in ta ga dama ta amsa da wuri, in ba ta ga dama ba ta jinkirta. Mu dai abin da muke yi musu, mu cire kan batir su manta, a sake sabon lale."

Haka aka yi. Ya cire, aka ɗan jira, ya mayar. Fitilar ta mutu, ƙarfin motar ya dawo, fuskar Yaya ta washe. Muka bar Inna a inuwa muka fita gwaji a kan hanyar Tudun Wada. Da fari lafiya lau. Ba mu yi nisa ba ta sake yin shirun nan nata, ta kuma sake zabura, wannan karon da wata akuya a gabanmu, wadda Allah ya yi da sauran kwananta. Fitilar ta dawo, rarrafe ya dawo.

Sai a sannan Yaya ya kira mutumin da ya sayar masa da motar. Ya sha kira kafin ya ɗauka. Ya ce matsalar ba ta ƙarfe ba ce, ta manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwar motar ce. Ya ce rarrafen da take yi kare kanta take yi da mutanen cikinta, kuma muddin tana cikin wannan hali ba za ta zabura ba. In aka cire batir, gudu zai dawo, amma zaburar ma za ta dawo. Gyaran kuwa sai a Kano, da kwamfuta. Wato dai ko mu yi sauri da motar da ba ta jin magana, ko mu yi rarrafe da mai jin magana.

Duk wannan ya cinye mana hantsi. Muka zauna wajen mai shayin da muka kusa kwashewa, wanda bai riƙe mu a zuci ba, har ya ƙara mana madara. Na sayo waina da miyar taushe a wajen wata mata, mai laushi da zafinta, a kuɗin da a Kano ko rabin faranti ba za a ba ka ba. Kwanar Dangora ba ta hutawa: 'yan kamasho suna ta kiran Yako da Kiru, ƙananan bas-bas suna cika suna tashi, 'yan achaɓa suna ɗaure buhunan hatsi a baya har ba ka hango mai tuƙin. Na kira babban ɗan Kawu na tambaye shi mai jiki. Ya ce da sauƙi, ya sha kunu da safe, har ya tambaya ko mun taso. Hankalinmu ya kwanta, muka ce tunda da sauƙi, mu lallaɓa.

Ban taɓa sanin hanyar Tudun Wada ba sai ranar, duk da na bi ta ba adadi. Mai gudu ba ya ganin komai sai bayan motar gabansa. Mu kuwa mun ga masara an baza a gefen kwalta tana shan rana, mun ga masu yankan shinkafa sun jeru a gona, mun ga rake an jingine shi dami-dami. Kowa ya wuce mu. Bas ta wuce mu, achaɓa ya wuce mu, a-kori-kurar nan ta Bebeji ma ta zo ta wuce mu, yaron motar yana ɗaga mana hannu. A wani hawa, wani tsoho a kan keke ya jera da mu har muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya yi mana fatan sauka lafiya. Yaya ya kafe idonsa a kan titi. Inna ce kawai ta sami abin yi: tana kiran sunan kowane ƙauye kafin mu kai allonsa, tana gaya mini inda suka taɓa kwana ita da Kawu suna yara, lokacin da babbar mota ta lalace musu a hanyar zuwa Kano. Ta ce shi ya goya ta har cikin gari, yana tafe yana yi mata faɗa wai ta cika nauyi.

Mun shiga Tudun Wada ana kiran azahar. Muka yi sallah, na zagaya bakin kasuwa na sayo dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara. Garin shinkafa ne, ko'ina ka juya injin casa ne ke ruri, ga ƙamshin turarar shinkafa ya cika iska. Na tambayi kuɗin kwano, na ji har raina ya biya in yi tsaraba, amma ba ita ta fito da mu ba. Abin da na je nema a gaskiya mota ce. Na samu wata ƙaramar motar haya mai zuwa Doguwa, direban ya yarda in ɗauki shatarta, ni da Inna mu yi gaba, Yaya ya biyo mu a hankali.

Kafin in kawo maganar na sake kiran ɗan Kawu. Muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ku dai taho a hankali, kada ku yi gaggawa." Inna ta miƙo hannu ta karɓi wayar, abin da ba ta saba yi ba. Ba ta yi wata doguwar magana ba, ta ce sannunku, ta saurara jim kaɗan, ta miƙo mini. A lokacin Yaya ya riga ya buɗe gaban mota da sifana a hannunsa. Ya ce dajin Falgore ne a gabanmu, hanya ce miƙaƙƙiya ba cunkoso, zai cire kan batir mu yi ta ta ƙare, in ya so zai kula da ƙafarsa. Ni kuma na ce ga motar haya na samu. Muka tsaya muna ja-in-ja, kowa yana ganin tasa dabarar ta fi.

Inna ta gyara mayafinta ta ce da ni, "Gaya wa yayanka ya mayar da ƙarfen nan inda ya ɗauko shi. Kai kuma ka sallami mai motarka. Tare muka fito, tare za mu isa, a yadda motar nan ta ga dama."

Ba a musu da Inna in ta yi irin wannan murya. Na ba direban haƙuri da ɗan na goro, muka shiga muka ci gaba da rarrafe. Ni dai raina a ɓace yake, na ɗauka rigimar tsufa ce kawai, ko kuma ba ta son a ce ta bar motar ɗanta ta shiga ta haya.

Dajin Falgore a ƙarshen damina abin kallo ne, ko ga mai ɓacin rai. Itatuwa sun haɗe kore shar, ciyawa ta kai ƙirji, iska mai sanyi tana shigowa, don Yaya ya kashe na'urar sanyi wai ko motar za ta ji sauƙi. Birai suka tsallaka titi a gabanmu ba tare da ko ɗaya ya ɗaga ƙafa ba, sun ga ba abin tsoro a tafiyarmu. A wani shingen jami'an tsaro, ɗaya daga cikinsu ya leƙo ya ga ledar kujeru, ya ce, "Alhaji, lallashin amaryar ake yi haka?" Yaya ya yi yaƙe. A bakin dajin muka ga matan Fulani da ƙorensu suna kiran kosam, wato nono, na saya wa Inna da fura mai laushi, ta karɓa ta ajiye a gefe ba ta sha ba. Tun daga Tudun Wada ta daina kiran sunayen garuruwa, sai carbi take ja. Ni kuwa bakina bai huta ba, ina ta lissafa wa Yaya inda da tuni muka kai da an bi shawarata.

La'asar ta yi mana a Doguwa, ga duwatsun nan sun fito sarai, ga masara ko'ina har bakin gidaje. Muka sauka daga kwalta muka bi burji zuwa ƙauyen. Tun daga nesa na hango ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Kawu, maza suna ta taruwa, wasu na alwala. Babu wanda ya gaya mana komai, ba a kuma bukatar a faɗa. Yaya ya kashe motar ya kifa kansa a kan sitiyari.

Ɗan Kawu ya tarye mu da jajayen idanu. Ya ce Kawu ya cika ana gab da kiran la'asar. Ya ce da azahar ma ya buɗe ido ya tambaya ko ta iso. Na ce masa don me bai gaya mana gaskiya ba a waya? Ya dube ni kamar na yi tambayar yara, ya ce, "Haba ɗan'uwa, a gaya wa mutum irin wannan yana kan hanya, da tsohuwa a mota?" Ni ma da ni ne a wurinsa, abin da zan faɗa ke nan. Haka muka taso muka tarar: mara lafiya kullum da sauƙi yake, matafiyi kuma ba a tayar masa da hankali.

Inna ta shiga ciki da ƙafarta, ba ta yarda an riƙe ta ba. An jinkirta rufe fuskarsa saboda ita. Ta duba shi, ta yi masa addu'a, ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta roƙi Allah ya sa shi ma ya yafe mata. Kafin magariba muka kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar uku muka juyo gida, da rarrafen da muka je da shi, sai dai wannan karon ba wanda ya yi ƙorafi. Washegari na raka Yaya wajen masu motar. Wani ma'aikaci ya jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, ya danna nan ya danna can, ya ce ya sabunta manhajar. Ko ƙusa ɗaya bai kwance ba, shayin da suka ba mu ma bai huce ba ya ce an gama. Ya ƙara da cewa an san da wannan matsalar a irin wannan motar, masu ƙera ta sun daɗe da aiko gyaran, duk wanda ya kawo ƙorafi ana yi masa kyauta. Na tambaye shi me ya hana a kira waɗanda suka saya a gaya musu tun kafin ta tsaya da su a gaban tirela. Ya ce wannan ba sashensa ba ne. Na daɗe ban ji ɓacin rai irin na ranar ba, kuma har yanzu da nake rubuta wannan bai gama sauka ba.

Don haka masu bibiyata, ga abin da na tsinta a wannan tafiya. In sabuwar motarka ta fara jinkirin amsa totur, ko sau ɗaya ne, kada ka ce haka sababbin suke. Ka mayar da ita a duba ƙwaƙwalwarta kafin ka ɗauki iyalinka a ciki, ka kuma tambaya da bakinka ko akwai gyaran da aka aiko, don ba lalle a neme ka ba. Cire kan batir fitilar kawai yake kashewa, ciwon yana nan. In kuma dubiya za ka, kada ka auna tafiyarka da amsar da ake ba ka a waya.

Motar ta warke sarai, amma Yaya ya lulluɓe ta da tampol ya koma hawa achaɓa. Kullum maganarsa ɗaya ce: da ya cire batirin nan a Tudun Wada, da Inna ta sami ɗan'uwanta da rai. Abinci ma sai an matsa masa. Da abin ya kai kunnen Inna, sai ta aika a kira ni. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake.

Ta ce, "Gaya wa yayanka ya daina ɗora wa kansa abin da ba shi ya yi ba. Da na karɓi wayar nan a Tudun Wada, na ji ana laƙƙana wa Kawunku kalmar shahada a bayan muryar ɗansa. Na san abin da ake ciki. Na kuma ga ƙarfe a hannun yayanka. Da na buɗe baki, da ya cire batirin ya shiga dajin nan da mu a guje. Da na shiga ta haya, da ya biyo mu shi kaɗai, babu mai ce masa ya rage. Ɗan'uwana ya riga ya kama hanyarsa, ba zan bi shi da 'ya'yana ba. Ni na haƙura da jin muryarsa, ba wani ne ya hana ni ba."

Ban sami saƙon da zan kai ba, don da na juya Yaya yana tsaye a bakin zaure, ya ji komai, hawaye na bin gemunsa. Inna ba ta ɗaga kai ta dube shi ba, ta ci gaba da tsintar wakenta. Ni kuwa da na cika dajin Falgore da mita don muna rarrafe, sai a ranar na san cewa wadda ta fi mu duka son a yi sauri ita ce ta zauna a baya ta yi shiru.